Kaset Mai Baƙin Zare

Tun ranar da na dawo daga Kano bakina bai huta ba. A lakwal ɗin, wato makarantar bokon da nake aikin sakatariya, ko jaka ban ajiye ba sai wani ya leƙo: "Madam Rakiya, ya Kano?" A gidan suna haka, a bakin famfo haka, a layinmu na unguwar Zariya nan Maradi kuwa ba a magana. Na kuma lura duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba, har jiya wata ta tare ni a Sabon Gari tana cewa wai ni ce na kashe wutar Kano gaba ɗaya. Haba jama'a! Ta ɗaki guda na kashe, kuma da dalilina. Ga shi nan na rubuta, duk wanda ya sake tambayata sai in miƙa masa.

Sai na fara da babana, don ba don shi ba da ban je ko'ina ba. Mushe Isaka, Allah ya jiƙansa, malamin lakwal ne a Tsibiri, Mushe kuwa shi ne yadda muke kiran malamin boko a Nijar, daga Faransanci. Duk ranar da ba karatu sai ya ɗaure rediyo mai kaset a bayan kekensa ya shiga ƙauyuka, daga Tsibiri har Jiratawa, yana naɗar muryar tsofaffi: waƙar niƙa, kirarin noma, asalin gidaje, yadda aka sha yunwa aka fita. Da ya rasu ya bar akwatin ƙarfe cike da kaset a ɗakin yayarsa, Gwaggo Tabawa, makullin kuma yana ɗaure a bakin zanenta. Na yi shekaru ina roƙonta ta ba ni in juye su cikin ordinater, wato kwamfuta, amsarta ɗaya ce: "Amana ce." A daminar bara rufin ɗakin ya yi yoyo daidai kan akwatin. Da ta buɗe mini na ga wasu sun yi fumfuna, sai da na zauna a ƙasa na yi kuka. Ga wata daminar ta ƙarato, rufin kuma gyaran ganin ido aka yi masa.

Ana cikin haka wata tsohuwar abokiyar aikina ta turo mini sanarwa, za a yi taron kwana uku a wani ɗakin karatu a Kano, don masu riƙe da tsofaffin takardu da kaset. Za a koya yadda ake juye su, a kuma nuna lojisiyel iri-iri, wato shirye-shiryen ordinater da ake ɗora su a intanet da su, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa. Na hau kabu-kabu sai Tsibiri. Gwaggo ta saurare ni har na gama, tana tsince wake, ko ɗago kai ba ta yi ba. Can ta tashi ta buɗe akwatin, ta zaɓo kaset goma ta zuba mini a cinya.

"Ki tahi da waɗannan," in ji ta. "In kin dawo da abin da hankalina ya kwanta da shi, in ba ki makulli. In ba haka ba, akwati shina nan inda mai shi ya bar shi, ruwa ya ci abin da zai ci."

Kowane kaset an zagaye gidansa da zaren kaɗi an ƙulle, wani fari, wani ja, wani baƙi. Na gani da idona. Amma murna ta hana ni tambaya, na ɗauka don kada murfin ya buɗe ne aka ɗaure.

Ranar tafiya na yi sammako zuwa tasha, na sami gaban mota, na ce yau na more. Ashe gaban mutum biyu ne, ta biyun kuma wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, wadda Allah ya yi wa jiki. Daga Maradi har Ɗan Isa rabin jikina a kan giya yake, duk sanda direba zai canza sai ya ce, "Madam, a ɗan ɗaga." Amma Hajiyar mutuniyar kirki ce, ta ba ni dabino, ta kuma yi mini lacca a kan Kanawa: kada in nuna baƙunta, kada in ce "awo", in ce "e". Na ce to. Ba mu yi nisa ba ta tambaye ni ko na ji, na ce, "Awo."

A kan iyaka aka sauke mu aka duba takardu, aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Wani matashin ma'aikaci ya ɗaga kaset ɗaya yana juya shi sama da ƙasa, wallahi bai san ko mene ne ba. Sai wani babba a cikinsu ya karɓa yana dariya, ya zaro bik, biron rubutu, daga aljihu ya zura a ramin kaset ɗin ya murza, ya ce rabonsa da yin haka tun yana saurayi. Har ya fara ba ni labarin rediyon mahaifinsa. Daga nan idonsa ya sauka kan zaren.

"Hajiya, wannan fa? Laya aka yi musu don kada su ɓata?"

Duk wurin aka kwashe da dariya, har da Hajiya mai atamfa. Ni kuwa kunya ta rufe ni. Na ce a raina, ga ni zan shiga cikin masu digiri da kaya ɗaure da zare sai ka ce na boka. Tun a nan na yanke shawarar da ta kusa kashe ni, na ce ina isa masauki zan yanke tarkacen nan.

Muna wuce Jibiya rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, wayata ta koma agogo. Katsina ba ta ba ni mamaki ba, maganarsu tamu ce, sai dai su sa Turancin Ingilishi inda muke sa Faransanci. Kano ce ta ruɗa ni. Kai, mutane! Adaidaita sahu kamar an zazzage buhu, kowa na hon, kowa na sauri, ba wanda ke kallon wani. Na tsayar da ɗaya na gaya masa inda za ni, ban rufe baki ba ya ce, "Hajiya daga Nijar?" Na ce ya aka yi ya sani, ya ce ai tun daga sallamata. Ya kai ni har ƙofa, ya ɗaukar mini jaka, ya ce in gaishe masa da mutanen Maraɗi, kakarsa ma daga wajen take. A kwana huɗun da na yi, ban haɗu da Bakano ɗaya da ba shi da kaka a wajenmu ba.

Masaukin a bayan ɗakin karatun yake, mutum biyu a ɗaki. Abokiyar zamana wata dattijuwa ce siririya mai tabarau, Hajiya Binta, wadda ta yi shekaru tana kula da tsofaffin takardun wani gidan malamai a Zariya. Na ce mata ni ma a Zariya nake, tamu ta Maradi, ta ce to ashe 'yar unguwa aka haɗa ta da ita. Nan take muka saba. Na ciro caja zan sa ordinater, sai na ga abin mamaki: ramin wutarsu uku ne, masu kusurwa, cajata kuwa ƙafa biyu ce zagayayyu. Na tura, na murɗa, na yi bismilla na sake turawa, ina! Hajiya Binta ta kashe makunnin, ta ɗauki murfin bik ta danna a ramin sama, ta zura cajata a na ƙasa, ta kunna. Sai ga wuta. Na ce wannan ƙasa, komai sai an yi masa dabara.

Abinci ma sai da muka yi gardama. Burodinsu laushi da zaƙi, ka matsa shi ya koma dunƙule, na ce wannan ai kek ne, ina burodi mai ɓawo da ake karyawa ya yi ƙara? Shayi kuwa a kofi mai girman kwanon sha, rabi madara. Amma gurasa da ƙuli da mai da albasa, ita kam na sallama, har na tambayi mai yi ko tana da 'yar'uwa da za ta dawo Maradi. Ni ma na fito da kilishin da na yi guzuri, Hajiya Binta ta ci ta yi shiru, wanda a wajen Bazazzagiya yabo ne.

Bayan la'asar ta fita alwala, ni kuma na zauna a bakin gado na ciro reza. Na yanke zaren kaset na farko, na goge shi da tsumma ya yi fes. Na yanke na biyu, na yanke na uku. Ina ɗora reza a kan na huɗu ta shigo.

"Ke! Me kike yi?"

"Gyara nake, Hajiya. Kada gobe a yi mini dariya."

Ta riƙe hannuna, da ƙarfi kuwa. "Wa ya ɗaura zaren?"

"Ban sani ba."

"Me yake nufi?"

"Ban sani ba."

"To abin da ba ki sani ba kike yankewa? Rakiya, a aikin nan duk abin da kika samu a jikin kaya, yana cikin kayan. Ko ƙulli ne, ko tabon tawada."

Muka duba kan gado. Zare uku a yanke, fari biyu, baƙi ɗaya, sun cakuɗe, kaset uku kuma a gefe tsirara. Wane zare na wane kaset? Oho. Na ji haushinta a lokacin, ba zan ɓoye ba, na ce a raina tsohuwa da son girma. Amma na bar sauran bakwai da zarensu, na zuba yankakkun a ambulan.

Ranar farko karatu aka yi, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Aka nuna mana yadda ake busar da kaset mai fumfuna, yadda ake haɗa rediyo da ordinater, a juye murya cikin babban fayil da ba a matse ba, a ajiye shi wuri biyu ko uku, sannan a yi ƙarami wanda waya za ta iya ɗauka. Aka ce kowane abu sai an rubuta masa bayani, wa ya yi magana, a ina, wa ya naɗa. A nan na koyi cewa lojisiyel su manhaja suke ce masa. Aka zaunar da ni gaban ordinater ɗinsu in gwada, ni da na shekara ashirin ina buga takardu ba na kallon hannuna, sai ga shi haruffan duk sun canza wuri, ba tsarin Faransanci da na saba ba. Na buga layi uku na ɗago kai, abin da ke allon ko aljani ba zai karanta ba. Na koma buga ɗaya-ɗaya da yatsa guda kamar sabuwar shiga.

Rana ta biyu aka fara nuna manhajojin. Wanda ya buɗe fage wani matashi ne, Injiniya Kabir, ga ƙamshi, ga iya magana. Tasa manhajar, jama'a, kyau! Hotuna na shawagi, taswira na nuna garin da aka naɗi kowace murya, ka danna Tsibiri sai ta matso. Ya ce ba ruwanka da ajiya, komai yana wajensu, kana juyewa tana ɗorawa, duniya na ji nan take. Na hango sunan babana a allon mutanen Makka da Faransa, zuciyata ta yi fari tas. Da ya ce wa zai ba da kaset a gwada a gaban kowa, kafin ya rufe baki na miƙe. Na ba shi ɗaya daga cikin ukun da na goge, don su ne masu tsabta. A jikinsa da rubutun babana: Jiratawa, Iya Dije.

Ya sa a rediyo, ya haɗa da lasifikar ɗakin, ya danna. Aka ji shuuu, aka ji kukan zakara, sai murya ta fito: "Bismillahi. Yau muna Jiratawa, gidan Iya Dije." Babana ne. Rabona da muryarsa tun ina budurwa, gidanmu ba rediyon kaset mai aiki. Har tarin nan nasa na kafin magana yana ciki. Hawaye suka zubo mini, ban ma share ba, mutane na juyowa suna murmushi.

Sai muryar tsohuwa ta shigo, a hankali: "Mushe, tsaya tukuna. Wannan ba na duniya ba ne. Na babban nan ne, wanda ba na kama sunanshi. In na mutu ka ba shi, shi kaɗai. Ka yi mini alkawari."

Babana ya ce, "Na yi, Iya."

Innalillahi! A babban allo ga wani koren layi yana tafiya, alamar abin yana hawa intanet. Na ce, "A tsaya!" Injiniya Kabir ya ɗaga mini hannu yana murmushi, wai in bari a ji daɗin wurin. Iya Dije ta gyara murya za ta fara. Ban san lokacin da na tsallake jakunkunan mutane ba, na cafki babbar wayar da ke jikin bango na fizge. Rediyo ya mutu, allo ya mutu, fanka ta tsaya, na'urar intanet ma ta mutu. Abin dariya, ba wanda ya motsa, sun ɗauka ɗauke wuta aka yi kamar kullum, wani har yana cewa a tada janareta. Sai da suka gan ni tsaye da waya a hannu ina haki.

"Madam, lafiya?" in ji Injiniya Kabir.

"Ba ka ji abin da ta ce ba? Ka goge abin da ya hau, yanzu, a gabana."

Ya ce ai tsohuwar ta daɗe da rasuwa, wannan tarihi ne, tarihi kuma na kowa ne. Nan fa na manta da laccar Hajiya mai atamfa, Maradancina ya fito tsantsa. Na ce masa in uwarsa ce ta bar masa saƙo, zai so a fara jin sa a lasifika? Don Allah yaron yana da tarbiyya, ya sunkuyar da kai, aka mayar da wuta, ya goge guntun a gabana ya nuna mini ya fita. Daga baya ma ya zo har inda nake ya ba ni haƙuri.

Na ari wayar Hajiya Binta na fita baranda na kira Tsibiri.

"Gwaggo, zaren nan na jikin kaset, mi yake nuhi?"

Ta ce, "Sai yau kika tambaya?"

Ashe ita ce mai ɗaurawa. Duk ranar da babana ya dawo daga yawonsa sai ya miƙa mata kaset ya ce wannan fari, wannan ja, wannan baƙi, ita kuma ta ɗaura daga zaren da take kaɗi. Fari na kowa ne. Ja na gidan mai maganar ne, su da jikokinsu. Baƙi na mutum ɗaya ne tak. Bai rubuta a littafi ba don kada wani mai karatu ya gani ya yi kwaɗayin ji. Ita ba ta karatu, ba ta san baƙin wane ne na wane ba, shi kuma ya riga Iya Dije rasuwa, shi ya sa saƙon ya kwana a akwati duk shekarun nan.

"Na zuba miki kowane iri da gangan," in ji ta, "in ga ko abin naku ya san bambanci. Na zaci ɗiyar Mushe tana da bakin tambaya."

Na gaya mata abin da na yi da reza, da abin da ya faru a ɗakin, ban rage komai ba. Ta tambaya ko an ji saƙon, na ce alkawarin kawai aka ji. Ta ce, "To," ta kashe waya. Wannan "to" ɗin ta hana ni cin abincin rana.

Rana ta uku na shiga da tambaya ɗaya, duk wanda ya nuna manhajarsa sai na ɗaga hannu: "Tana da zare?" Har aka sa mini suna Madam Zare. Ta Injiniya Kabir abu biyu ta sani, ko a buɗe wa duniya ko a rufe gaba ɗaya, kuma komai a hannunsu yake zaune, ran da kamfanin ya rufe ban san ina zan bi muryar babana ba. Wani farfesa ya nuna tasu ta jami'a, mai zurfi ƙwarai, ba abin da ba ta rubutawa. Amma tana son babbar na'ura da ba a kashewa, da ɗaki mai sanyi, da ma'aikaci na musamman. Na ce, "Farfesa, ka taɓa zuwa Maradi a watan zafi ka ga yadda kuran, wutar lantarkinmu, ke yi mana?" Ya yi dariya ya ce wannan kam ba tawa ba ce.

Da aka tashi hutun sallah Hajiya Binta ta ja ni gefe ta buɗe tsohuwar ordinater ɗinta. "Ni ba sayarwa nake ba," in ji ta, "amma ga wadda nake aiki da ita." Na leƙa allon. Ba hoto, ba taswira, fari da toka kamar takardar asibiti, Faransancinta ma rabi ne. Na ce, "Hajiya, wannan ai mummuna ce." Ta ce, "Aurenta za ki yi?"

Ta nuna mini. Kyauta ce, masu irin aikinmu ne suka haɗu suke gyara ta. Tana zaune a cikin ordinater ɗinka, tana aiki ko ba rezo, sai ran da ka samu ta tura abin da ka ce ta tura. Duk ran da ka gaji da ita ka kwashe kayanka da bayanansu ka tafi. Sannan ta danna wani ɗan akwati a gefen kowane fayil, abu uku suka fito: na kowa, na waɗanda aka ba mabuɗi, da wanda ba ya barin wannan na'ura. Na ƙwala ihu har masu alwala suka juyo. Fari, ja, baƙi! Na rungume ta, tabaranta ya kusa faɗuwa.

Ta ce in sassauta murna in ji sauran. Tana da nauyin tashi, kafa ta sai an sha wuya, kuma ko ja ɗin, wanda ka ba mabuɗi zai iya naɗa da wata waya ya yaɗa, ba manhajar da ke gyara halin mutum. Na ce na ji na yarda. Muka zauna har la'asar tana kafa mini ita, sannan muka kai dare muna juye kaset goman. Da muka zo kan na Iya Dije, na kashe sautin gaba ɗaya, muka zauna muna kallon igiyar murya tana hawa tana sauka a allo, minti goma sha ɗaya, ba wadda ta ji ko kalma. Na ciro baƙin zaren daga ambulan na mayar masa, na ƙulla inda na yanke.

Dawowa ba abin labari sai gurasar da na cika jaka da ita, da babban ma'aikacin nan na kan iyaka da ya gane ni ya ce, "Hajiya mai laya, an dawo?" Na ce, "An dawo, kuma layar gaske ce." Ko kwana ban yi a gida ba na wuce Tsibiri.

Gwaggo ba ta yi mini sannu da hanya ba. Ta aika aka aro wayar wata maƙwabciya, ta ce in nemo mata muryoyin a intanet da wannan, ba da tawa ba. Na nemo fari, waƙar niƙa ta fito, da muryar ƙanenta a gaba yana gabatarwa. Ta juya fuska wajen bango tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyara shi. Ta ce in nemo ja. Wayar ta nemi mabuɗi, maƙwabciyar ta gwada sunanta, ta gwada sunan mijinta, ta ƙi buɗewa.

"Baƙin fa?"

"Ba shi nan, Gwaggo. Bai hau ba, ba zai hau ba. Shina cikin ordinater, ko ni ban ji shi ba."

Ta dube ni sosai. "To ɗauko mayafina. Kaya na da mai shi."

Muka sami mota zuwa Jiratawa. Ba mu sha wuyar tambaya ba, kowa ya san ɗan farin Iya Dije, Malam Habu, aka nuna mana shi a lambunsa bakin hanyar ruwa yana cirar albasa. Dattijo ne, gemu duk furfura, ya kai shekara saba'in. Muka gaisa, Gwaggo ta gaya masa ko mu su wane ne da abin da ya kawo mu. Ya yi 'yar dariya ya ce shi bai ga abin da tsohuwa za ta bar masa ba, wajen kakarsa ya tashi, tsakaninsa da Iya Dije sai "kai wannan", ko ido ba ta haɗawa da shi har ta koma ga Allah.

Ya wanke hannu a ruwan, ya zauna gindin mangwaro. Na ɗora masa ordinater a kan buhu, na sa masa abin ji a kunne, na danna, ni da Gwaggo muka koma can nesa muka ba shi baya. Minti goma sha ɗaya ba su taɓa yi mini tsawo haka ba. Ban ji komai ba sai ruwa na gudu. Gwaggo na ta jan carbi, can na ji ta kama hannuna ta danna mini wani abu mai sanyi a tafi. Makullin ne, da ɗan dunƙulen zare kala uku. "Kafin ruwa ya sauka," in ji ta, ba ta ko dube ni ba.

Da muka juya, Malam Habu yana zaune yadda muka bar shi, gemunsa ya jiƙe sharkaf. Na tsuguna na ce zan juye masa a wayarsa, kaset ɗin ma nasa ne. Kamar bai ji ni ba.

"Sau huɗu," ya ce. "Abubakar. Sau huɗu ta faɗa, da bakinta."

Ya riƙe abin jin da hannu biyu kada in cire.

"Ɗiyata, mayar da shi farko."